Hular dala 30, kuɗin fito dala 80: yadda Amurka ta rufe ƙofar ƙananan ƙunshin kaya

A makon farko na Satumbar 2025 ƙanwata da ke aure a Amurka ta kira ni da daddare, ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba. Ana shirin bikin ƙanin mijinta a can, sai ta yi odar hula zanna guda biyu daga wani matashi mai shago a Kasuwar Kurmi, kowacce dala 30, da 'yar kwalbar turaren wuta. Shekara uku ke nan tana sayen kaya a hannunsa. Zai ɗora hoto a WhatsApp, ta zaɓa, ta tura kuɗi, ya naɗe kaya ya aika, bayan mako biyu ko uku ta tsinci ƙunshinta a bakin ƙofa. A wannan karon sai ya aiko mata cewa sai ta ƙaro dala 80, ban da kuɗin aikawa.

"Yaya, don Allah ka je ka gan shi," in ji ta. "Ko dai yaron nan ya ga mun saba ne yake so ya cuce ni?"

Washegari na je. Na same shi zaune a kan benci, hulunan suna cikin leda an ɗaure da zare, adireshinta rubuce da manyan baƙaƙe a jikin kwali. Ya miƙo min wayarsa don in karanta sanarwar da idona, ya ce, "Wallahi Alhaji, ko kwabo babu nawa a ciki. Ni kaina sai da na ji nauyin faɗa mata." Gaskiya ya faɗa. Kuɗin nan na baitulmalin Amurka ne, kuma tushen maganar ya girme shi, ya girme ni.

Dokar kuɗin fito ta Amurka ta 1930 tana da wani sashe, na 321, wanda aka ƙara mata a 1938. Hikimarsa mai sauƙi ce. Idan jami'in kwastan zai ɓata rabin awa yana cike takarda don ya karɓi abin da bai kai kuɗin takardar ba, gwamnati ce ta yi asara. Don haka aka ce kayan da darajarsu ba ta wuce wani ƙaramin adadi ba su wuce babu haraji. Masana suna kiran wannan sassauci da kalmar Latin, de minimis, wato abin da ya yi ƙanƙantar da shari'a ba za ta tsaya a kansa ba. A farko adadin dala 1 ne. A farkon shekarun 1990 aka kai shi dala 200. Sai a 2016, zamanin Barack Obama, majalisar dokoki ta ɗaga shi zuwa dala 800 ga mutum ɗaya a rana ɗaya. Ƙasashen Tarayyar Turai a lokacin yuro 150 suke yafe wa kuɗin fito, kuma tun ranar 1 ga Yulin 2021 suka soma karɓar harajin sayayya a kan kowane ƙunshi komai ƙanƙantarsa. Ƙofar Amurka ta fi ta kusan kowa faɗi.

Abin da ya mayar da wannan ƙofa babbar hanya shi ne yaƙin haraji da Donald Trump ya fara da Chaina a 2018, lokacin da aka ɗora wa kayayyaki da yawa na ƙasar ƙarin da ya kai kashi 25 cikin ɗari. A ɗauki riga guda ɗaya da aka ɗinka a masana'anta ɗaya a Guangzhou. Idan ɗan kasuwar Amurka ya loda dubu goma irinta a kwantena, zai cike takardu, ya biya kuɗin fito, ya biya sito, sannan ya ɗora duk wannan a kan farashi. Idan kuwa masana'antar ta sa rigar a leda ita kaɗai, ta rubuta sunan mai saye a Ohio, ta jefa ta a jirgin sama, ko sisi ba za a biya ba. A kan wannan bambanci Shein, mai sayar da kaya ta intanet, ta gina cinikinta na tufafi, kuma a kansa takwararta Temu ta shiga kasuwar Amurka a Satumbar 2022.

Alƙaluman gwamnatin Amurka sun nuna cewa a 2015 ƙunshi miliyan 134 ne suka shiga ƙasar ta wannan hanya. A 2024 sun haura biliyan 1.36, wato kusan miliyan huɗu a kowace rana, kuma idan aka raba jimillar darajarsu da yawansu, ƙunshi ɗaya bai kai dala 50 ba. Wani kwamitin Majalisar Wakilai ya fitar da rahoto a Yunin 2023 inda ya ƙiyasta cewa Shein da Temu kaɗai ke da sama da kashi 30 cikin ɗari na waɗannan kaya. Rahoton ya kuma kwatanta su da kamfanin tufafi na Gap, wanda ya biya kimanin dala miliyan 700 na kuɗin fito a 2022, da H&M mai dala miliyan 205. Ban da rashin adalci a kasuwa, akwai batun bincike. Ƙunshin da ba a biya masa haraji bayaninsa kaɗan ne, kuma babu rundunar kwastan da za ta iya buɗe leda miliyan huɗu kullum. Hukumomi suka yi ta kukan cewa ta nan ake shigo da jabun kaya, da sinadaran haɗa ƙwayar fentanil, da tufafin audugar yankin Xinjiang na Chaina da doka ta haramta saboda zargin aikin tilas. Gwamnatin Joe Biden ma ta sanar da shirin taƙaita sassaucin a Satumbar 2024. Ke nan duka jam'iyyun biyu sun gaji da shi.

A nan ni ba na ganin laifin Amurka. Duk wanda ya tashi a Kano ko Kaduna ya ga yadda masaƙun Bompai da Sharaɗa da Kakuri suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, ba sai an yi masa dogon bayani ba kan abin da ke faruwa idan mai biyan haraji yana gasa da wanda ba ya biya. Matsalar wuta ta taka rawa a namu, amma yadin fasa-ƙwauri ma ya taka. Dala 800 a rana ta wuce tsarabar matafiyi da aka yi dokar dominta. Gyara ya zama dole. Inda nake da magana shi ne yadda aka yi gyaran.

Ranar 1 ga Fabrairun 2025 Trump ya sa hannu a umarnin da ya soke sassaucin ga kayan Chaina, ya fara aiki ranar 4 ga wata. Kwana uku kacal. A ranar ce hukumar gidan wayan Amurka ta dakatar da karɓar ƙunshi daga Chaina da Hong Kong, washegari kuma ta janye dakatarwar. Rahotanni suka ce sama da ƙunshi miliyan ɗaya sun taru a filin jirgin saman JFK na New York, an rasa yadda za a yi da su. Kafin mako ya zagayo gwamnati ta jingine umarnin har sai an samar da tsarin karɓar kuɗin. Wannan ya isa ya zama darasi. An sake soke sassaucin ga kayan Chaina ranar 2 ga Mayu, a lokacin da ƙarin haraji a kan kayan Chaina ya kai kashi 145 cikin ɗari. Ƙunshin da ya biyo ta gidan waya aka yanka masa kashi 120 cikin ɗari na darajarsa ko dala 100. Bayan tattaunawar Amurka da Chaina a Geneva aka rage kason zuwa 54 a tsakiyar watan.

Sai babbar, wadda ta iso har Kurmi. A farkon Yuli majalisar dokoki ta zartar da dokar da za ta kawo ƙarshen sassaucin ga duniya baki ɗaya daga 1 ga Yulin 2027, wato an ba kowa shekara biyu ya shirya. Ranar 30 ga Yuli shugaban ƙasa ya sa hannu a wani umarni da ya jawo wa'adin zuwa 29 ga Agustan 2025. Shekara biyu ta koma wata ɗaya.

Don a gane dalilin da ya sa wata ɗaya bai isa ba, sai an san cewa hanya biyu ce ƙunshi ke bi ya tsallaka iyaka. Akwai manyan kamfanonin jigilar saƙo masu jiragensu da ejan-ejan ɗinsu na kwastan. Su sun daɗe suna cike takardu, su biya haraji a madadin mai kaya, su karɓa daga hannunsa tare da ladan wahalarsu. Akwai kuma gidan waya, hanyar talaka, inda ƙasashe 192 ke miƙa wa juna saƙo ƙarƙashin Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya mai hedikwata a birnin Bern na Switzerland, wadda aka kafa tun 1874. A al'adar gidan waya, ƙasar da kaya suka isa ita ke tantance haraji ta karɓa daga mai karɓar kaya. Sabon umarnin ya juya wannan tsari. Ya ce mai ɗauko kayan, ko wani wakili da kwastan ɗin Amurka ya amince da shi, shi zai karɓi kuɗin tun daga ƙasar da aka aiko, ya tura wa Amurka. Kamfanonin jiragen sama da ke ɗaukar buhunan wasiƙa suka ce su ba masu karɓar haraji ba ne. Gidajen waya kuma ba su da manhajar da za ta lissafa kuɗin, balle asusun da za su zuba shi.

Daga nan sai aka fara rufe tagogi. Jamus, Faransa, Indiya, Japan, Ostireliya da wasu da dama suka dakatar da aika ƙunshin kaya zuwa Amurka, wasu gaba ɗaya, wasu wani ɓangare. Ƙungiyar ta Bern ta ce gidajen waya 88 ne suka ɗauki irin wannan mataki, kuma saƙon da ya nufi Amurka ranar 29 ga Agusta ya ragu da kashi 81 cikin ɗari idan aka kwatanta da mako guda kafin nan.

Ga waɗanda suka ci gaba da aikawa, umarnin ya ba da zaɓi biyu na tsawon wata shida. Ko a biya kason harajin da aka yanka wa ƙasar da ta ƙera kayan, ko a biya kuɗi tsayayye a kan kowane ƙunshi: dala 80 ga ƙasar da harajinta bai kai kashi 16 cikin ɗari ba, dala 160 ga mai kashi 16 zuwa 25, dala 200 ga wadda ta haura haka. Najeriya kashi 15 aka yanka mata, don haka ta faɗa rukunin farko. Hukumar gidan waya ta Najeriya, NIPOST, ta sanar cewa daga 29 ga Agusta duk abin da za a aika Amurka, in ban da wasiƙa da takardu, sai an biya masa dala 80 ko kwatankwacinta a naira tun a nan gida. Sanarwar da matashin nan ya nuna min ke nan.

Na zauna a gefen bencinsa muka yi lissafi a bayan kwalin. Hula biyu dala 60, turare ka ce dala 10, jimla 70. Kashi 15 cikin ɗari na 70 dala goma da rabi ne. Wannan ƙanwata za ta biya ba tare da ta ɗaga waya ba. Amma kuɗi tsayayye bai san babban ƙunshi da ƙarami ba. Mai aika kayan dala 700 zai biya 80, kusan kashi 11 cikin ɗari. Mai aika kayan dala 70 zai biya 80, fiye da kuɗin kayan kansu. Wanda ya sayi hula ɗaya tak kuwa zai biya kusan ninki uku na kuɗinta. Sauƙin lissafi aka nema da wannan tsari, sai nauyinsa duka ya sauka a kan mafi ƙanƙantar ciniki.

Manyan da aka yi dokar dominsu fa? Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Shein da Temu sun hango abin tun da nisa, sun kama manyan sito a cikin Amurka, suna shigo da kaya a kwantena suna biyan haraji a kan farashin sari, wanda ya yi ƙasa da farashin da mai saye ke gani a waya. Dukansu sun sanar da ƙarin farashi daga 25 ga Afrilu. Temu ta ɗan ɗora wa masu saye kuɗin shigo da kaya da wani lokaci ya fi kuɗin kayan yawa, da ta ga mutane suna gudu sai ta dakatar da aikowa kai-tsaye daga Chaina na wani lokaci, ta koma nuna kayan da ke sito a cikin ƙasar. Sun ji jiki, ba shakka, amma shagonsu bai rufe ba. Mai hula a Kurmi, da mai saƙa a Indiya, da mai sayar da tsofaffin littattafai a Jamus ba su da sito a California. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A ɓangaren masu saye ma haka abin yake. Masana tattalin arziki biyu, Pablo Fajgelbaum da Amit Khandelwal, sun yi nazari a 2024 kafin a rufe ƙofar. Sun ƙiyasta cewa soke sassaucin zai jawo wa masu saye a Amurka asarar kimanin dala biliyan 11 zuwa 13, kuma unguwannin marasa ƙarfi ne za su fi jin ta, domin su suka fi dogara da kayan arha masu zuwa kai-tsaye. Na yarda cewa wani ɓangare na wannan arha dama a kan wuyan wasu aka gina ta. Duk da haka, duk ɗan siyasar da ya ce ƙasar waje ce ke biyan kuɗin fito bai tsaya a bakin ƙofar mai karɓar ƙunshi ba.

Na tambayi matashin me ya hana shi bi ta kamfanin jigila mai zaman kansa, tunda su da kaso suke lissafi. Ya ce ya tambaya. Kuɗin aikawarsu kaɗai ya ninka na gidan waya, sannan in ba a biya harajin tun a nan ba, sai kaya sun isa can a aiko wa mai saye takardar biya, an haɗa harajin da ladan ejan da na cike takarda. Wannan shi ne abin da ya fi ɓata ciniki tsakanin mai saye da mai sayarwa ta intanet a ko'ina. Kana ganin farashi a waya ka ɗauka magana ta ƙare, alhali a idon kwastan kai ne mai shigo da kayan, kuma kai za a tambaya in dai mai sayarwa bai rubuta ƙarara cewa ya biya ba. Masu saye da yawa a Amurka a kakar 2025 sun fara sanin haka ne daga takardar da ta biyo bayan kayansu.

Akwai kuma wani abu da bai taɓa tunani a kai ba. Harajin yana bin ƙasar da aka ƙera kaya ne, ba ƙasar da aka aiko su ba. Hular da aka ɗinka da hannu a Najeriya ta Najeriya ce. Amma turmin atamfa da aka saro a Kantin Kwari, in a Chaina aka buga shi, a wurin kwastan ɗin Amurka kayan Chaina ne ko da daga Kano ya taso. Shekara uku yana aika atamfa, babu wanda ya taɓa tambayarsa inda aka saƙa ta.

Wani maƙwabcin shagonsa da ke sauraronmu ya ce ai mafita a fili take, a rubuta cewa kyauta ce. Gaskiya ne an bar kyauta ta tsakanin mutum da mutum da ba ta wuce dala 100 ba ta shiga babu haraji. Amma wannan ciniki ne, an biya kuɗi, kuma shaidar tana nan a waya. Na hana su. Bayan ƙarya ce, takardar tana ɗauke da sunan ƙanwata da adireshinta, ita da take zaune a ƙasar mutane da takardun da ba ta son abin da zai taɓa su. Hula biyu ba su kai a sa sunanta a littafin kwastan ba.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, a daidai kwanakin da muke wannan lissafi, Najeriya ta nufi ɗaya ɓangaren. Hukumar gudanarwar kwastan ta ƙasa ta amince cewa daga 8 ga Satumbar 2025 kayan da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba za su shigo babu kuɗin fito, har sau huɗu a shekara ga mutum ɗaya, in dai ba haramtattu ba ne. Kwana goma tsakanin rufe ƙofar Amurka da buɗe tamu. Na yi murna saboda mai gyaran waya da ke jiran ƙaramin kayan aiki daga waje, da ɗalibar da ke odar littafi, waɗanda a da ba sa sanin nawa za a ce su biya sai kaya sun iso. Taƙaitawar sau huɗu ta nuna cewa an lura da abin da ya faru a Amurka, inda sassaucin yake kullum babu iyaka. Amma Temu ta riga ta shigo Najeriya tun ƙarshen 2024, kuma ina kallon telolinmu da masu takalman Kofar Wambai ina tuna rigar nan ta Guangzhou. Dala 300 a kasuwarmu kaya ne mai yawa. Ya kamata kwastan ta riƙa fitar da alƙaluman abin da ke shigowa ta wannan hanya tun yanzu, kafin ya kai inda za a rufe a firgice.

Ƙanwata ba ta biya dala 80 ita kaɗai ba. Ta nemo wasu mata biyu 'yan Arewa da ke garinsu, ɗaya tana son mayafai, ɗaya tana son hula ga yaranta, suka haɗa odarsu a kwali ɗaya suka raba kuɗin uku. Kafin su daidaita, kowacce ta zaɓa, ta tura kuɗinta, mako uku ya wuce, hulunan suka isa bayan an watse daga biki. Mijinta ya sa tsohuwar hularsa.

Da na koma Kurmi bayan wasu watanni na tambayi matashin labarin masu sayensa na Amurka. Ya buɗe wani ƙaramin littafi inda yake rubuta oda, ya nuna min shafin. Masu sayen hula ɗaya ko kwalbar turare ɗaya, waɗanda su ne mafi yawa, duk ya ja layi a kan sunayensu. Waɗanda suka rage 'yan kaɗan ne masu haɗa kaya da yawa lokaci guda, sai kuma masu jira har wani ɗan'uwa ya zo ganin gida.